Yadda ake gyara matakala domin idon dattijo

Gidajen bene suna ƙaruwa a Yamai, kuma a cikinsu da dama akwai tsoho ko tsohuwa da ke hawa da sauka kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. A kan matakala, sau da yawa ido ne ke gazawa kafin ƙafa.

A fara da haske. Ƙofar da haske ke bi ya shiga ido tana ƙuntata da shekaru, har abin da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 ba ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20. A sa ƙwan lantarki ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, a rataye fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta. Wanda ya shigo daga ranar tsakar gida kuwa ya dafa ƙarfen riƙo ya ɗan tsaya, domin idon tsoho yana jinkirin sabawa da duhu.

Sai bakin kowane taki, wanda a ganina shi ne aikin da aka fi sakaci da shi. Matakalar siminti launinta ɗaya ne daga sama har ƙasa, idan ƙurar hunturu ta kwanta a kai, mai saukowa yana ganinta kamar gangara guda. A ja layin fenti fari ko rawaya mai faɗin yatsu uku a bakin kowane taki, a fi kula da na farko da na ƙarshe, inda aka fi faɗuwa.

Mai tabarau irin wanda kowane gilashinsa ya kasu biyu, na nesa da na kusa, ya sani cewa ɓangaren ƙasa na karatu ne, yana dusashe takin da ke gabansa, saboda haka ya sunkuyar da kai ya duba ta ɓangaren sama.

Dattijo yana daɗewa yana kallon taki kafin ya taka, don haka kada a gaishe shi yana tsakiyar saukowa, domin zai ɗago kai ya amsa. A karɓar masa buta, ya tattare rigarsa, gaisuwa ta jira ƙasa. Idan duk da haka yana laluben taki da ƙafa, a kai shi asibiti a duba ko yanar ido ce ta rufe masa gani.