Kurakuran Saitin Hoto a Manhajar Tuƙin Jirgin Sama da Yadda Ake Gyara Su

Matasan da ke haɗa kwamfuta a Wudil, Ringim ko Birnin Kudu don tuƙa jirgi a Microsoft Flight Simulator ko X-Plane kusan kuka ɗaya suke yi: hoto bai fita ba. To amma rashin fitar nan iri huɗu ce. Wani gefen fiffike da layin titin jirgi ne ke fito masa kamar haƙoran zarto. Wani wayoyin lantarki da shingen filin jirgi ne ke rawa suna ƙyalli da zarar jirgi ya motsa. Wani dishi-dishi yake gani har lambobin ma'auni ba sa karantuwa, wani kuma inuwa ce ke bin duk abin da ke motsi. Babban kuskure shi ne mutum ya kai kowane saiti ƙarshe bai tantance wanne ke damunsa ba.

A fara da allo. Kowane allo yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da su: yawancin laftof ɗin tokumbo 1366x768 ne, moniton zamani kuma 1920x1080. In ka ba manhaja wani adadi daban, allon zai miƙa hoton da kansa, kuma babu saitin da zai dawo da kaifinsa. Masu jona talabijin ta HDMI su sa shi a Game Mode ko PC Mode, su kashe Overscan, su rage Sharpness ɗinsa sosai. Ƙarin kaifin talabijin yana zana farin layi a gefen kowane abu, sai ya ƙara fito da tsinin da ake neman ɓoyewa.

Sai saitin Anti-Aliasing, wato saitin da ke goge tsinin gefen abubuwa a hoto, inda aka fi tafka kuskure. Iri-iri ne. FXAA shafa ce kawai da ake yi wa hoto bayan an gama zana shi. Ba ta da nauyi, amma tana dusashe rubutu, kuma ba ta hana waya rawa. TAA tana haɗa hoton yanzu da waɗanda suka gabace shi, shi ya sa ta fi iya kwantar da ƙyalli. Aibinta ɗan laushi da inuwa. A ganinmu, mai Flight Simulator na 2020 da allon 1080 ya tsaya a TAA, Render Scaling (yawan ɗigon da manhaja ke zanawa in an kwatanta da na allo) a 100.

DLSS, mai zana ƙaramin hoto ta faɗaɗa shi, fa? Sai mai katin hoto (graphics card) na NVIDIA RTX. GTX 1050 Ti, 1650 da 1060 da suka cika kasuwa ba sa yin ta. Ko mai RTX ɗin ya san abin da yake saye. A allon 1080, matakin Quality yana zana hoton ne a 1280x720 sannan ya faɗaɗa shi, Performance kuwa a 960x540. Gajimare da gonaki ba za su nuna ba, amma lambobin gudu da tsayi a allon Garmin G1000 na Cessna 172 za su riƙa hawa kan juna yayin da suke canjawa. Wanda ke koyon tuƙi da ma'auni ya koma TAA. Haka FSR ta AMD, ita ma faɗaɗawa ce, kuma a ƙaramin allo ba ta da riba sosai.

X-Plane 12 da MSAA yake aiki, wani nau'in Anti-Aliasing mai matakan 2x, 4x da 8x. Tana gyara gefen jirgi da gine-gine tsaf ba tare da dusashe ma'auni ba, amma ba ta kawar da ƙyallin shinge da ganyen bishiya duka. Mutane kan ga haka su tafi 8x, kati ya galabaita, ƙyallin yana nan. A tsaya a 2x ko 4x. A tuna kuma X-Plane na rage gudun lokacin wasan kansa in firam, wato hotunan da kwamfuta ke zanawa a jere, ya sauka ƙasa da 20 a daƙiƙa.

Render Scaling shi ne tarkon da lissafi ke ruɗar mutane. Adadin yana hawa ne a tsaye da kwance a lokaci ɗaya. Ke nan 120 na nufin aikin kati ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, 150 ya ninka sau biyu da kwata, 200 kuwa sau huɗu. In kati na da sarari, 110 ko 120 ya wadatar. Ƙasa da 100 kuma dishi-dishi ne da hannunka.

Kada a tilasta Anti-Aliasing daga NVIDIA Control Panel. Flight Simulator ba ya amsa umarnin MSAA daga can, FXAA ɗin can kuwa hawa take kan TAA, shafa kan shafa. A bar shi a Application-controlled.

Layin titin jirgi da ke narkewa daga nesa ba matsalar Anti-Aliasing ba ce. Anisotropic Filtering ke gyara shi. A sa 16x, kusan kyauta ne ga kati.

Ƙasa da ta zama laka-laka in ka tashi sama, sau da yawa intanet ne. Flight Simulator yana jawo hoton tauraron ɗan'adam na Bing ne kai tsaye, na 2024 ma ya fi dogara da hakan. In sabis ya yi rauni a ƙauye, sai ya tsaya a hoto mara kaifi. A kunna Rolling Cache, ma'ajiyar da ke adana hoton da aka riga aka jawo, a sashen Data, a ba shi gigabayit 8 zuwa 16, a yi shawagin hanyar da aka saba sa'ad da sabis ke da ƙarfi. Kuma dama hoton karkarar Jigawa bai kai na biranen Turai da Amurka kaifi ba, wannan babu saitin da zai canja shi. Mai katin gigabayit 4 ya ajiye Texture Resolution a Medium, don in ma'ajiyar kati ta cika, hoto cijewa yake yi.

Wani lokaci laifin ba na saiti ba ne sam. Laftof a kan batir yana rage wa kati ƙarfi, don haka in an ɗauke wuta sai a jira inbata ko janareto kafin a yanke hukunci. Mai laftof mai katin hoto biyu ya shiga Graphics na Windows ya ɗora manhajar kan High performance, kar ta tafi kan na Intel. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Afrilu ya zo ya tarar da ita a toshe. Katin NVIDIA na tebur yana fara rage gudu wajen digiri 83. A fece ƙurar, a ɗaga laftof daga kan katifa ko tabarma.

Wajen gwaji, a ajiye jirgi a kan titi na 06 na filin Malam Aminu Kano, mai lamba DNKN, da rana tsaka, sama garau, a riƙa canja saiti ɗaya tak kowane karo. A Flight Simulator, a kunna Developer Mode a duba ma'aunin firam. In ya rubuta Limited by GPU, katin hoto ne ya gaza, a rage Render Scaling ko saitin gajimare. In ya rubuta Limited by MainThread, furosesa ce ta gaza, rage Anti-Aliasing ba zai ƙara komai ba. Terrain Level of Detail za a sauke, daga 200 zuwa 100 ko 80.