Yadda za ka ci ka ƙoshi da kuɗi kaɗan a Kantin Kwari da kewaye

Wanda ya shigo Kwari sarin atamfa, ko yaron shagon da ke wuni a Singa ko kasuwar Sabon Gari, ya san kuɗin abincin rana kan cinye riba a hankali. Tsadar ba daga abincin take fitowa ba. Gidan abincin da ke bakin titin Ibrahim Taiwo ko Murtala Mohammed yana biyan haya mai nauyi da man janareta, kuma duk a farantinka ake cirewa. Ka shiga lungunan Fagge da ke bayan kasuwa, ko ka tambayi 'yan dako inda suke ci. Su ba sa komawa wurin da ba a ƙoshi.

Lokaci shi ne rabin dabarar. Masu abincin rana sukan sauke tukunya tsakanin sha ɗaya da rabi zuwa sha biyu da rabi. Ka je kafin a kira azahar. Da an sallame salla layi zai cika, wake ya ƙare, a bar maka ƙanzo. Bayan la'asar kuwa, shinkafar da ta wuni a kula cikin zafin Kano ta fara yami, musamman a watannin Maris zuwa Mayu. In ka ga tana danƙo ko ka ji tsami-tsami, bar ta ko da kyauta ce. Ranar Juma'a ka ci da wuri, don da yawa sukan tashi kafin masallaci.

Abin da ya fi riƙe ciki a kan kuɗi kaɗan shi ne garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji. Ka ce a yawaita wake, shi ke kai ka magariba. Ɗanwake ma haka, sai dai yana sa ƙishirwa da nauyin jiki, bai dace da mai zirga-zirga a rana ba. Gurasa bandashe da ƙuli-ƙuli da albasa ta fi sauƙi a ciki, kuma ana ci a tsaye. Da safe koko da ƙosai ko waina da miya sun fi shayi da burodi da ƙwai araha nesa ba kusa ba. Indomie wurin mai shayi kuwa ta fi kowanne tsada in ka auna da ƙoshin da take bayarwa. Awa biyu ka sake jin yunwa.

Kada ka ce "a zuba mini". Faɗi kuɗinka tun farko: "Hajiya, wake da shinkafa na kaza, ban da nama." Nama da kifi da lemon kwalba su ke ninka lissafi. In kana son abin taunawa, dafaffen ƙwai ɗaya ko awara biyu sun wadatar. Ka riƙe canji a aljihu, domin taransifa kan maƙale a cunkoson kasuwa, mai POS kuma sai ya cire nasa.

Wajen tsafta, ka dubi ruwan wanke kwanuka kafin ka dubi tukunya. In bokiti ɗaya ne tun safe, ya yi kauri da maiƙo, ka sa a zuba maka a leda ko ka zo da kwanonka. Latas da kabeji da tumatir ɗanye su ne ƙofar taifot da amai da gudawa, musamman da damina lokacin da kwatoci ke ambaliya, don haka ka ce a bar salak ɗin. Man suya da ya yi baƙi yana kumfa an juya shi sau da yawa, yana iya kawo ƙwannafi. Fura da nono tana da kyau, amma ƙanƙarar da ake jefawa ciki ba kowa ya san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Masu shago da ke da yara uku ko huɗu su yi ciniki da mai dafawa a gida ta riƙa aiko kula kullum, a biya ta duk mako. A yanke adadin faranti da lokacin kawowa tun ranar farko, a kuma rubuta a littafin shago, don rigimar irin wannan ciniki kusan kullum a kan ranakun da ba a kawo ba take tashi.