Idan wuyan yaro ya murɗe bayan shan maganin amai

A ƙauyenmu, wajen Ringim, 'yar ƙanena ta sha maganin amai, metoclopramide. Washegari wuyanta ya karkace, idanu suka kafe sama. Goggo ta ce iska ce, har ta ɗebo garwashin turare.

Distoniya ce, wato ɗaurewar tsoka ba da son mutum ba. Maganin yana toshe aikin dofamin, sinadarin da tsakiyar ƙwaƙwalwa ke daidaita motsi da shi, sai tsoka ta ɗaure da kanta.

To, ku dakatar da maganin nan take. Kada ku miƙe wuyan da ƙarfi, kada ku yi wa yaro ɗura. Ku ɗauki kwalin maganin ku nuna wa likita a asibiti. Mu allura ɗaya aka yi mata, kafin magariba tana tsakar gida tana wasa.