Yadda za ki fara motsa jiki kuma ki ɗore

'Yar'uwa, idan kin daɗe ba ki motsa jiki ba, kada ki fara da gudu. Ki fara da tafiya da ɗan sauri, minti 10 kacal, a lokaci guda kullum. Ni da sassafe nake yi, domin na lura idan na bari sai yamma, gajiyar hidimar yini ce ke hana ni.

A shawarwarinta na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Minti 30 sau 5 ya cika 150 ke nan. Za ki gane kin kai matsakaici idan numfashinki ya hau, kina iya magana amma rera waƙa ta gagare ki. Duk mako ki ƙara minti 5 a kan tafiyarki har ki kai minti 30 ɗin.

Abin da ke damuna shi ne yadda mu mata muke tsallake ƙarfafa tsoka, alhali bayan ɗaukewar al'ada ƙashinmu kan yi saurin rauni. Kwana 2 a mako, ki zauna kan kujera ki miƙe sau 10 ba tare da kin dafa komai ba, ki huta, ki maimaita. Sannan ki dafa bango da tafukan hannu, ki lanƙwasa gwiwar hannu, ki tura.

Mai juna biyu, ko mai hawan jini ko ciwon zuciya, ta fara ganin likita. Idan kika ji jiri ko ciwon ƙirji, ki tsaya nan take.