Yadda ake ɗaure tebur da tebur da baƙon makulli a rumbun bayanai

A ɗauki misalin dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Motoci na shigowa daga Kano, Kaduna da Jos, kuma kowane kwando da mai shi. Idan aka zuba komai a tebur guda, za a riƙa maimaita sunan mai kaya a kowane layi, yau da "Alhaji", gobe babu, jibi harafi ya faɗi. Ranar lissafi sai mutum ɗaya ya koma uku.

Maganin shi ne a raba. Tebur ɗaya na masu kaya, inda kowa ke da lambar da ba ta maimaituwa, wato babban makulli. Tebur na biyu na lodi, wanda ba ya ɗauke da suna, sai lambar mai kayan. Wannan lamba da ta zo daga wani tebur ita ce baƙon makulli. Kada a yi makulli da suna ko lambar waya: takwarori sun yi yawa a kasuwa, layin waya kuma ana canza shi.

A MySQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, teburin uwa, wato na masu kaya, ake fara ginawa:

CREATE TABLE masu_kaya (lamba INT AUTO_INCREMENT PRIMARY KEY, suna VARCHAR(100) NOT NULL, gari VARCHAR(60)) ENGINE=InnoDB;

Sannan na ɗa, wato na lodi:

CREATE TABLE lodi (lamba INT AUTO_INCREMENT PRIMARY KEY, mai_kaya INT NOT NULL, kwanduna INT NOT NULL, ranar_sauka DATE NOT NULL, FOREIGN KEY (mai_kaya) REFERENCES masu_kaya (lamba) ON DELETE RESTRICT) ENGINE=InnoDB;

Daga nan, duk wanda ya shigar da lodi da lambar da babu mai ita, rumbun zai ƙi karɓa, ya ba shi kuskure mai lamba 1452. Wanda ya nemi goge mai kayan da ke da lodi kuma zai ci karo da 1451.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen zaɓen abin da zai biyo bayan ON DELETE. RESTRICT na hana goge uwa muddin tana da 'ya'ya. SET NULL na barin layin lodi amma ya share lambar mai shi, kuma ba ya aiki sai an cire NOT NULL daga wurin. CASCADE kuwa, idan aka goge mai kaya, duk lodinsa na bin sa. Masu koyo na son CASCADE saboda ba ya gardama. To, a lissafin da bashi ke ciki, yaron shago ya danna gogewa sau ɗaya, tarihin kwanduna na shekara guda ya tafi, ba kuwa wani gargaɗi. A bar CASCADE ga abin da ba shi da amfani in babu uwarsa, kamar jerin lambobin wayar mutum. Ga kuɗi da kaya, RESTRICT. Idan mai kaya ya daina turowa, a ƙara masa wani gurbi da ke nuna ya daina, ba a goge shi ba.

Tirela ɗaya takan ɗauko kayan mutum biyar ko fiye, mutum ɗaya kuma kan rarraba kayansa a motoci da dama. A nan sai a buɗe teburin motoci, a ƙara wa lodi baƙon makulli na biyu mai nuni gare shi. Lodi ya zama mahaɗar tebura biyun.

Idan ginin tebur ya ƙi (a tsofaffin MySQL akan ga errno 150), a fara duba nau'in lambobin. INT da BIGINT ba sa haɗuwa, haka INT da INT UNSIGNED. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne makullin da ya nuna kamar ya kama alhali bai kama ba. MyISAM, ɗaya daga cikin injinan ajiya na MySQL, na karɓar umarnin ya yi watsi da shi shiru. InnoDB ne ke tilastawa, kuma shi ne injin da ake samu idan ba a zaɓi wani ba tun MySQL 5.5. SQLite, rumbun da manhajojin waya suka fi amfani da shi, ba ya duba makullin sai an rubuta PRAGMA foreign_keys = ON, kuma a kowane sabon haɗi da rumbun. PostgreSQL, wani rumbun daban, yana tilastawa, amma ba ya yi wa gurbin ɗa fihirisa (jerin da ke saurin kai bincike ga layi) da kansa, don haka a ƙara CREATE INDEX a kan mai_kaya, in ba haka ba bincike da gogewa za su yi nauyi idan layuka suka yi yawa.

Saboda haka a gwada da hannu: a shigar da lodi da lambar ƙarya, misali 99999. Idan ya shiga, makullin ado ne kawai.

Mai tsohon tebur da ke son ƙara makulli da ALTER TABLE, ya fara zaƙulo marayun layuka, wato lodin da lambarsa babu mai ita, domin ko ɗaya ne zai hana umarnin wucewa:

SELECT l.* FROM lodi l LEFT JOIN masu_kaya m ON m.lamba = l.mai_kaya WHERE m.lamba IS NULL;

Abin da ya fito, a kai wa dillali ya duba littafinsa na takarda ya faɗi mai kowane lodi, a gyara lambobin, sannan a ɗaura makullin.