Kurakuran da ke hana IC ɗin sadarwa aiki

A nan Sakkwato, ɗalibai da masu haɗa na'urorin sola kan yi saurin cewa "IC ya ƙone", alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Kamfanoni sun inganta waɗannan IC (ƙananan sassan lantarki masu ƙafafu da ke isar da saƙo tsakanin na'urori) sosai, mu ne muke ta kwafar tsohon zane ba tare da duba lambar da ke jikinsu ba.

Dubi MAX232, wani tsohon IC na sadarwa. Bolt 5 yake ci, da kafasita 1µF. MAX3232 da ya biyo baya yana aiki daga bolt 3 zuwa 5.5, kuma a kan 3.3 kafasita 0.1µF ta ishe shi. Sai ka ga an haɗa tsohon da ESP32 (ƙaramar ƙwaƙwalwar sarrafa na'ura), yana tura bolt 5 cikin ƙafar da 3.3 kawai take ɗauka. A sauya shi da MAX3232, magana ta ƙare.

Idan haruffa marasa ma'ana ke fitowa, a daidaita saurin aika saƙo na ɓangarorin biyu, 9600 ko 115200. Idan shiru ne, a tabbatar TX (ƙafar aikawa) ya je RX (ƙafar karɓa) kuma an haɗe GND (wayar ƙasa).

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne layin sadarwa na RS-485, wanda ake ja daga inbata ko famfon rijiyar burtsatse zuwa ɗaki mai nisa. Zai iya kai mita 1200, amma sai da waya biyu a murɗe, layi ɗaya daga na'ura zuwa na'ura, ba rassa ta ko'ina ba. Rizista 120Ω a ƙarshe biyu kaɗai ake sa ta. Wasu kan manna ta a kowace na'ura, siginar ta raunana, a ɗora wa IC laifi. Kada kuma a jera wayar da ta wutar famfo cikin bututu ɗaya. Tsohon MAX485, IC ɗin da ake sa wa wannan layi, na'ura 32 yake ɗauka, akwai sababbi masu ɗaukar 256.

Sai zafinmu. A watan Afrilu rana kan haura digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe da ke waje. MAX485CSA iyakarsa digiri 70, MAX485ESA yana kai 85. Da hunturu kuma, tartsatsin da ke fita daga yatsa na iya kashe IC. Samfurin MAX485E yana da kariya har kilobolt 15, don haka mai son duka biyun ya nemi MAX485EESA.