Ka Samu Ikilisiyarka Tun Karatu Bai Yi Zafi Ba

Ɗan'uwa da ka zo karatu ƙasar waje, sannu da sauka. Shawarwarin masauki da banki da rigar sanyi za ka sha su. Tawa a kan ranar Lahadi take.

A gida, in ba a gan ka a sujada ba, wani zai zo cigiya. A Ingila ko Amurka babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ɗalibai da yawa da suka yi sanyi a bangaskiya, ba gardamar wani farfesa ce ta kayar da su ba. Wannan Lahadi gajiya, ta gaba jarrabawa, kafin su farga zango ya ƙare. Aiki ma yana cin Lahadi. A Birtaniya bizar ɗalibin digiri ta yarje masa aikin awa 20 a mako lokacin karatu, kuma a ƙarshen mako aka fi neman hannu a kantuna da gidajen kula da tsofaffi. Tun ranar da za a ɗauke ka, ka gaya wa shugaban aikin cewa safiyar Lahadi ba ka nan. In ya gagara, ka nemi majami'ar da ke sujadar yamma.

Zumuntar ɗalibai tana da amfani ƙwarai. Christian Union a jami'o'in Birtaniya da InterVarsity a Amurka duk suna cikin IFES, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗalibai Kirista ta duniya wadda aka kafa a 1947, kamar NIFES ta Najeriya da ka sani. Ka shiga. Sai dai can duk tsaranka ne, kuma da an yi hutu kowa ya watse. Ikilisiya ce ke da dattawa, da Jibin Ubangiji, da iyalan da za su kira ka cin abinci ranar Kirsimeti sa'ad da ɗakunan kwanan ɗalibai suka zama wayam. Kallon sujadar gida ta intanet yana rage kewa, amma faston da ke cikin waya ba zai zo duba ka a asibiti ba.

Kada shirun majami'un can ya kore ka. Wata sujadar awa ɗaya an tashi, ba ganga ba rawa. Abin dubawa shi ne ko ana koyar da Littafi Mai Tsarki da gaskiya, da kuma ko mutanen sun damu da juna. Ka gwada biyu ko uku, sannan ka tsaya wuri guda. 'Yan EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Amurka suna iya farawa da Church of the Brethren, waɗanda suka soma aikin bishararsu a Najeriya a 1923, aikin da ya haifi EYN. Ƙungiyar da ta ce ita kaɗai ce kan hanya, ko take raba ka da iyayenka da karatunka, ka guje ta.

In ka zaɓa, ka gabatar da kanka ga fasto, ka roƙi a ba ka hidima, ko ta jera kujeru ce ko ta mawaƙa. Mai son koyar da yara a Ingila sai an yi masa binciken DBS tukuna, wato a duba ko yana da tarihin aikata laifi, ikilisiyar ce kuma za ta nema masa.